Rabon Baɗi

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona bayan la'asar sun daɗe da yanke hukunci cewa a duk ɗinki babu na ragwaye irin na kayan makaranta. Wanda ya fi su murya shi ne wanda ya yi wata uku a wajen koyon sana'a aka ba shi takarda mai hatimi. Ya ce mini, "Baba Malam, yunifom ai layi huɗu ne. Ka taka nan, ka taka can, ka zura roba, an gama. Ba aiki a wuya, ba komai." Na ce masa haka ne. Shekara bakwai na yi ina koyarwa a firamare kafin in kama almakashi, kuma abin da na fi ƙwarewa a kai tun a can shi ne barin yaro ya gama faɗin amsar da ba ita ba kafin in ɗauki alli.

To, yanzu na ɗauki allin.

Mai ɗinkin babbar riga ya huta ta wani wajen. Alhajin da ya auna bara shi ne dai bana, in ma an sami ƙari to a tumbi ne, babbar riga kuwa ba ta tona wa tumbi asiri. Ni wanda nake wa ɗinki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka auna shi ranar Asabar, kafin ubansa ya zo karɓa ranar Alhamis ya fara barin awon a baya. Duk sana'ar a nan take, kuma ba a rubuta ta a takarda mai hatimi.

Ban taso a tela ba. Shekarar da soja suka karɓi mulki suka ce ma'aikata sun yi yawa, sunana ya fito cikin waɗanda suka yi yawan. Na dawo gida da mata, da ɗa ɗan shekara uku, da Turanci mai kyau wanda ba a yin miya da shi. Wani abokin mahaifina, Baba Tanko, yana da shago a nan Gyadi-Gyadi, keke biyu da teburin yanka, ƙofarsa na kallon titin Zariya. Bai taɓa zama a aji ba, kuma tun ranar da na je har ya bar duniya bai kira ni da sunana ba. Hedimasta yake ce mini, alhali ban taɓa wuce malamin aji huɗu ba.

Wata shida na yi a kan dutsen guga, ina gab da shekara talatin. Na koyi fifita gawayi ba tare da toka ta sauka a kan farar riga ba, na koyi gane zafin dutse da ɗan yayyafin ruwa. Daga nan sai hudar maɓalli da hannu. Ranar da ya yarda na hau keke ma ba yadi ya ba ni ba. Cewa ya yi in kawo tsofaffin littattafan rubutu na ɗalibaina, ya zare zaren, ya ce in bi layin takarda da allura har sai hujin ya daina kaucewa. Haka na yi sati uku ina huda lissafin da na taɓa yi wa maki da jan biro.

Aikina na farko gajeren wando ne na kaki, na ɗan wani direba daga Ƙauyen Alu. Na auna yaron sau biyu, na rubuta, na yanka daidai da abin da na rubuta. Da ya saka, wandon ya zauna a jikinsa kamar tare aka haife su. Na miƙa wa Baba Tanko ina jiran yabo. Ya juya shi ciki waje, ya bi kalmasa da babban yatsa, ya ce, "Ya yi kyau, Hedimasta. Na yau ne." Ban gane ba, shi kuma bai ƙara ba.

Bayan dogon hutu sai ga direban riƙe da hannun yaron. Maɓalli ya ƙi haɗuwa da ƙofarsa, ƙafar wandon ta hau cinya.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

Baba Tanko ya nuna ni da almakashi. "Ga shi nan, mai Turancin."

"Malam, kai a makarantarku yara ba sa girma ne?"

Ranar ce aka koya mini abin da Baba Tanko yake kira rabon baɗi. A ƙafar wando ka bar yatsa huɗu, ka kalmashe ciki. A bayan ƙugu, inda ɗinkin tsakiya ya hau, ka bar yatsa biyu. Riga ka bar mata ɗaya ɗaya a gefe, ka ɗan sauke kafaɗa. Kalmasar kuma ba da matsattsen ɗinki ake yin ta ba, sai ka buɗe takun keke, don ranar da za a saki reza ta bi zare ba ta ji wa yadi ciwo ba. Wahalar ba a barin take ba, ko wawa zai iya barin yadi. Wahalar ita ce ɓoye shi, ka danne da dutse har ya kwanta, yaro ya tafi da wandon shekara uku a jikinsa ba wanda ya lura. Ka rage, ka cuci uban. Ka zarce, ka cuci ɗan, don 'yan ajinsu ba su da tausayi.

Kayan aikin ba su da yawa. Keken da nake takawa har yau na Baba Tanko ne, baƙi, zanen zinaren jikinsa ya goge sai a inda hannu ba ya kai wa. Almakashina ba ya taɓa takarda, kuma duk wanda ya yanka farce da shi mun ɓata. Sai tef, sai alli, sai reza, wadda ita ce ƙarama a cikinsu amma ita ke da watanta na musamman.

Ku kuna ganin kakarmu ita ce lokacin komawa makaranta. Wannan ta kuɗi ce. Wadda na fi so ita ce ƙarshen zango na uku, satin da ake ba da sakamako, iyaye mata su wanke kayan su aiko a saki. Kafin in sa reza nakan karanta shekarar yaron a jikin wandonsa. Gwiwar da ta yi fari, ko ƙwallo ko durƙuso a gaban aji, kuma ina bambance su, don na durƙuso gwiwa biyun ne ke cinyewa tare. Tawada a bakin aljihu. Ɓawon gyaɗa, guntun fensir, murfin kwalba. Wata shekara na buɗe kalmasa sai ga takardar sakamako an ninke ta kamar laya an tura ciki. Na karanta, tsohon hali. Da yaron ya zo karɓa na miƙa masa wandon da hannun dama, takardar da hannun hagu, na ce, "Wannan ba na sakinta, kai za ka kai." Ya kai. Yanzu yana sayar da taya a Unguwar Gano, kuma har yau in ya gan ni sai ya shafa ƙeya.

Masu kawo aiki kuwa kullum biyu suke zuwa, kuma ba su taɓa son abu ɗaya ba. Uba ya ce, "Malam, a yi shi ya kai shi aji shida." Yaron kuwa ko haƙoran gaba bai gama famfara ba. In ce, "Alhaji, wando kake so ko rumfa?" Da uban ya juya gaisawa da wani, sai ɗan ya matso ya ce a hankali, "Baba Malam, a ɗan matse." Sai in ce wa kowannensu to. Shekara bakwai a gaban allo ta koya mini cewa to ba alkawari ba ce.

Muguwar shekarata ta zo ne a ƙarshe-ƙarshen mulkin soja. Masaƙar da muke samun shuɗin yadi mai kauri daga gare ta ta rufe, sai wani sabon yadi ya cika kasuwar Kwari, mai sheƙi, mai laushin hannu. A daidai lokacin wata sabuwar makarantar kuɗi a Tarauni ta ba ni ɗinkin ɗalibanta gaba ɗaya, sati biyu kafin buɗewa. Ƙa'ida ita ce duk yadin da ba ka sani ba ka jiƙa shi ya kwana a ruwa, ya gama duk abin da zai yi kafin almakashi ya taɓa shi. Na san haka. Na dubi tarin aikin, na dubi kwanakin, na ce ai sheƙinsa ya nuna na kirki ne.

Wankin farko wanduna suka tsuke suka hau sama, shuɗin ya bar su ya koma jikin fararen riguna. Mai makarantar ta zo da kanta da buhu biyu a bayan mota, ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce, "Malam, an ce mini kai tsohon malami ne." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sati uku na yi da reza a hannu. Tsawon dai na ceto shi, har wando na ƙarshe, don babu wanda ban bar wa rabonsa ba. Launi kuwa ba a ajiye shi a kalmasa. Makarantar ta koma sayo ɗinkakku daga kudu, wasu biyu suka bi ta, ni kuma na ƙarasa shekarar da ɗinkin rigar matashin kai da facin labule. Abu biyu na fita da su daga wannan shekara. Na farko, imanina da rabon baɗi ya ninka. Na biyu, wani ƙyalle na tsohon shuɗin yadin nan mai kauri, abin da zai yi wando ɗaya na babban mutum ba ƙari, na naɗe shi a takarda na sa a ƙasan akwati.

Yanzu sai in zo kan aikin da ya sa na ɗauki biro.

Ɗana na fari sunan mahaifina ya ci, don haka a gida Abba ake ce masa. Ni ko Abban ban cika faɗa ba. Ku na yanzu kuna saɓa ɗan fari a kafaɗa a yi muku hoto. Mu yadda aka tashe mu kunyarsa ake ji, ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi sai ka dubi wani wajen. Ƙannensa mata, Binta da Ummi, su suka more. Su hau mini cinya, su taka mini keke ina tsakiyar ɗinki, su kwashe alli su zana gida a ƙofar shago. Shi kuwa kakarsa, mahaifiyata Inna, ita ta riƙe shi a ɗakinta a gidanmu na Daurawa, tana ce masa maigida, suna faɗan cefane tun bai iya magana sosai ba.

Sau ɗaya a shekara yake zuwa shago don kansa, ranar da aka rufe makaranta a zango na uku. Ya yi sallama, ya ajiye takardar sakamako a kan teburin keke, ya koma gefe ya tsaya. In karanta, in ce, "To." Sai in ciro tef daga wuya.

"Miƙe."

"Ɗaga hannu."

"Juya."

Galibin hirarmu ta shekara ke nan. Amma tef ba ya tsayawa da kansa, dole hannu ya danne shi a kafaɗa, kuma babu wanda zai ce tela ya yi rashin kunya don ya dafa wanda yake aunawa. A nan nake sanin abin da shekara ta yi. Wata shekara in tarar da tabo a gwiwa wanda ban san ranar da aka ji ciwon ba. Wata shekara kafaɗa ta buɗe. Wata shekara na ce juya, muryar da ta amsa ba wadda na sani ba ce. Minti biyar ne, har da rubuta awon da alli a bayan ƙofa. Ban taɓa ja ya wuce haka ba, akwai mutane a benci.

Da yake ɗan tela ne, kuma yadin daga aljihuna yake fita, shi yatsa shida nake bar masa. Wando ɗaya ya kai shi daga ajin farko na sakandare zuwa na uku. Kowane saki yana barin farin layi inda tsohuwar kalmasa ta kwanta, har ƙafar wandonsa ta zama kamar littafin rubutu. Ba sai an tambaye shi ajinsa ba, a ƙirga layin. Sai daga baya Binta ta gaya mini cewa tun shekararsa ta farko Buhu ake kiransa a makaranta, kuma sunan bai sake shi ba ko bayan ya cika wandon. Shi bai taɓa faɗa ba.

Shekarar da soja suka koma bariki ita ce shekararsa ta ƙarshe. Garin ya cika da tutoci da huluna, teloli masu aikin wuya ba sa ɗaga kai, don duk wanda ya ci zaɓe, da wanda yake ganin saura ƙiris ya ci, sai ya yi sabuwar babbar riga. Ni dai yunifom ɗina nake yi. Sun gama jarrabawar fita, makaranta ta sa ranar yaye su, aka ce shi zai yi jawabi a madadin ɗalibai, kuma akwai kyautar lissafi da zai karɓa. A bakin Ummi na ji.

Ya zo shago saura sati ɗaya. Babu takarda a hannunsa wannan karon, kuma bai koma gefe ya tsaya ba. Ya durƙusa kusa da keke.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji."

"Wandon ranar taron. In da hali, a yi shi daidai ni."

"Wanne na taɓa yi maka da ba naka ba?"

"Daidai ni na yanzu nake nufi, Baba."

Na ce to. Na auna shi kamar kullum, miƙe, ɗaga hannu, juya. Da na koma gida na ciro ƙyallen nan daga ƙasan akwati, don dama shi na ajiye wa. Washegari na shimfiɗa shi, na ja alli, na yanka, na ɗinka. Sai da na ɗora dutsen guga a kan ƙafar na ga abin da hannuna ya yi: yatsa shida a ƙasa, ƙugu da sararinsa. Ba shawara na yanke ba, hannun ne ya bi hanyar da ya sani. Na tsaya ina kallo, sai na ce wa kaina ai haka ma ya fi, yadi irin wannan ba a wasa da shi. Na kai gida. Ya shiga ɗakin Inna ya gwada, ya fito da shi a ninke, ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara buɗi."

Saura kwana biyu taro, da hantsi, na ɗaga kai sai ga Inna a ƙofar shago. Rabonta da zuwa nan tun Baba Tanko yana da rai. Daga Daurawa ta tako da ƙafa, wandon a ƙunshe cikin mayafi. Ta ƙi zama. Ta warware shi ta ɗaga sama kamar mai tallan gwanjo.

"Habu, wannan na wane ne?"

"Na yaron nan ne, Inna."

"Wane yaron? Ni dai maigidana ba zai cika wannan ba sai ya yi mini kishiya ya ci tuwonta ya ajiye tumbi."

Mutanen benci suka fara dariya, suka ga fuskata, suka daina.

Na ce, "Inna, yadin nan babu irinsa kuma a kasuwa. In na yanke shi ke nan. In jarrabawar ba ta yi kyau ba ya koma maimaitawa fa?"

"Au, fatan da kake masa ke nan?"

"Ba fata ba ne, tanadi ne."

"Tanadi." Ta ajiye wandon a kan keke. "Shekara goma sha biyu kana yi wa wani ƙato ɗinki, wanda bai iso ba tukuna. Shi wannan da ke zuwa ya tsaya a gabanka, yaushe za a yi nasa? To bari ka ji. Jiya da kunnena na ji shi ta katanga yana tambayar ɗan gidan maƙwabta aron wando. Ɗan tela. Zai hau gaban jama'a da ɗinkin wani."

Na ɗauki wandon daga kan keke.

"Zai zo bayan azahar. Na gaya masa in bai zo ba yaji zan yi." Ta gyara mayafi. "A samo mini ruwa, ƙafata ta mutu."

Ga abin da ba a koya muku a wata uku ba. Ɗinkin da zai zauna daidai jiki ba a yin sa da tef kaɗai. Sai mai shi ya saka wandon a juye, ciki a waje, ya sa takalmin da zai sa ranar, kai kuma ka durƙusa da alli a hannu da allurai a baki, ka bi shi kaɗan kaɗan. Da ya zo, na sallami mutanen benci, na sakaya ƙofa. Na farke kalmasa, yadin ya zubo har ya rufe takalminsa. Na fara daga ƙugu, ina tsukewa ina kafa allura.

Ina cikin haka na ce, "Jawabin da Turanci ne?"

"E, Baba."

"Karanto."

Ya karanto daga ka, a saman kaina, ni ina ƙasa. Akwai wuri biyu da da a aji ne sai na ja musu layi, amma bakina cike yake da allurai, suka wuce. A nan na lura yana tsayawa ne da nauyinsa a ƙafar dama, hagun a ɗan karkace, tsayuwar mahaifina sak. Shekara goma sha biyu ina auna ƙafar nan ban gani ba, don ƙafar dama kawai nake ɗora wa tef in rubuta. Dole na ba hagun nata layin dabam. Da na miƙe in duba faɗuwar wandon daga baya, sai na ga idona a daidai wuyansa yake.

Aikin ya ci kusan awa ɗaya. Babu wanda ya ce na daɗe.

Ya cire, ya sa tsohon nasa mai layi, na shimfiɗa sabon a tebur. Na ɗauki almakashi na buɗe shi a kan layin alli, sai hannun ya tsaya.

"In na yanke fa babu komawa."

"Na sani, Baba."

"In ka ƙara tsawo fa?"

Ya ɗan yi murmushi yana kallon ƙasa. "Sai in zo ka auna ni."

Yadi mai kyau yana da ƙara a bakin almakashi, wata gurnani-gurnani, ba irin tsiwar na yanzu ba. Zobe biyu na shuɗin yadi suka faɗo, ɗaya daga kowace ƙafa. Na yi kalmasa siririya, na matse takun keke, abin da ban taɓa yi wa ƙafar wandon makaranta ba tun ɗan direban Ƙauyen Alu.

Ranar taro aka kafa rumfuna a filin makaranta. Babban baƙo sabon kansila ne, ya zo bayan awa biyu cikin babbar riga mai sitaci da ke tafiya gabansa. Na san shi, ni na yi masa gajeren wandonsa na aji uku, kuma ko a lokacin ba ya zuwa karɓa a kan kari. Na zauna can baya cikin iyaye maza. Tela in ya je taro ƙafafu yake kallo, kuma da masu fita suka jeru na ga aikina a tsaye, wani layi biyu, wani uku, wani an saki har babu abin saki. Na san ranar da aka kawo kowannensu yana riƙe da hannun ubansa.

Aka kira sunansa, cikakke, da sunana a ƙarshe. Ya hau. Wandon ya sauko daga ƙugu a miƙe, karin guga kamar an ja da rula, ya tsaya a kan takalmi, dama da hagu, babu wanda ya fi wani. Daga cikin ɗalibai wani ya ɗaga murya, "Kai, Buhu, yau ina buhun?" Aka yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya fara. Kurakurai biyun nan na jawabin suna nan yadda suke, ba wanda ya kula.

Mutumin da ke kusa da ni ya taɓa ni. "Malam, ɗan wane ne wannan?"

Na ce, "Ɗan unguwarmu ne."

"Ma sha Allah. Telansa ma ya iya aiki."

Na ce, "Ba laifi."

Jarrabawa ta yi kyau. Ya tafi Zariya karatu, daga can hidimar ƙasa, daga can aiki a Fatakwal. Bai zo na auna shi ba. Ba ƙi ya yi ba, kuma ban kira shi ba. Zango na uku ne dai babu shi kuma, ba wata rana da za a ce yau ce ta awo. Awon da ke bayan ƙofa an shafe shi da fenti tun shekarar da mai shagon ya gyara gini, amma ina riƙe da shi a ka, sai dai ban san ko har yanzu nasa ba ne. Binta da Ummi kuwa da tasu shekarar ta zo, ban jira an tako daga Daurawa ba, na yi musu na ranar daidai jikinsu. Binta ta juya a gaban madubi ta ce wa ƙanwarta, "Ke, Baba ya tuba." Inna ba ta rayu ta ga na Ummi ba.

Sallar da ta wuce ya zo da 'ya'yansa biyu. Su kayan makarantarsu a leda ake ba su, da lamba a wuya, in sun yi kaɗan a jefar a karɓi lamba ta gaba. Ya biyo shago da yamma ya zauna a bencin nan da kuke zama. Zare ya zaro a hular ƙaramin, ya tashi ya jawo aljihun keke yana neman reza, sai na ga ya tsaya. Ya ɗago zoben shuɗin yadin nan biyu, ya sa yatsunsa a ciki, ya jera su a kan faɗin, shida cif.

"Baba, wannan fa?"

"Ragowar yadi ne."

"To," in ji shi.

Aka kira magariba, muka tafi masallaci. Sai bayan sun koma da kwana biyu na buɗe aljihun neman kwarkwaron zaren keke, na tarar saura zobe ɗaya. Da ya bugo waya ranar Juma'a ya tambayi ciwon ƙafata, na tambayi yara, muka yi sallama.

Don haka, mai takarda da hatimi, gaskiyarka, layi huɗu ne. Ka zo ranar Asabar da tsohon littafin rubutu, za mu zare zaren mu fara. Dokar shagon ba ta da yawa. Almakashi ba ya taɓa takarda, yadin da ba ka sani ba ya kwana a ruwa. In kuma ka buɗe aljihun keke ka ga wani shuɗin ƙyalle a ƙarƙashin kwarkwaro, ba tsumman goge mai ba ne. Ka mayar da shi inda ka gan shi.